Zanen layi da launi da fentin mai: tambayoyin da ake yawan yi mini a Damagaram

Na daɗe ina zane a wani ɗan ɗaki a Zango, kuma kusan duk wanda ya leƙo da tambaya yake fita. Ƴan lakwal suna da tasu, iyayensu suna da tasu, magina da badukai ma sukan tsaya su yi mini tasu. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Malam, wane irin zane ne wannan da babu mutum, babu dabba, babu ko bishiya?

Zane ne da aka gina da layi, da kusurwa, da murabba'i, da alwatika, da da'ira, sai kuma launi. Mai shi bai nufi ya kwaikwayi wani abu da ido ke gani a waje ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda jan murabba'i zai zauna kusa da shuɗin alwatika, wanne zai matso gaba, wanne zai ja baya, da kuma inda idon mai kallo zai fara sauka. Ana iya yin sa da kowane irin fenti. Ni da fentin mai nake yi, a kan ƙyalle ko a kan katako, kuma na faɗi dalili a amsar da ta shafi bambancin fentin mai da sauran.

To me zanen yake nufi? Me zan gani a ciki?

Nakan mayar wa mai tambayar nan da tambaya: in makaɗin fada ya buga tambari da asuba, me bugun yake nufi? Ba kalma ba ce, amma jikinka ya ji. Haka tablon yake, wato zanen da aka gama a kan ƙyalle ko katako. Ka tsaya gabansa minti biyar, ba daƙiƙa biyar ba. Za ka ga wani launi yana ƙara haske, wani gefe ya yi nauyi, wani layi yana hana idonka fita daga cikin firam ɗin.

Akwai abin da nakan ɗauko daga rayuwa, ba na ɓoyewa. Wani tablo nawa ya fito ne daga inuwar da zanko ke jefawa a bango da la'asar, wani daga manyan duwatsun nan da ke tsakanin gidajen Birni. Amma in ka zo kana neman zankon ko dutsen a ciki, ba za ka same su ba. Kusurwar da nauyin kaɗai na ɗauka.

Wannan ba kayan Turawa ba ne?

A tarihin da ake koyarwa a makarantun zane, ana fara lissafi ne daga Turai. A Disamban 1915 Kazimir Malevich ya rataye baƙin murabba'i a kan farin fili a wani baje koli a Petrograd ta Rasha, mutane suka yi ta surutu. Piet Mondrian na ƙasar Holan, wanda ya rasu a Niyok a 1944, ya taƙaita kansa ga baƙaƙen layuka na tsaye da na kwance, da ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa. Wannan duk gaskiya ne, kuma ya kamata mai koyo ya san su.

Amma ka bi lungunan Birni da safe, ka ɗaga kai ka dubi fuskar tsofaffin gidaje da ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ka dubi dagi a bango, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar da malamai ke yi a allon sauka, da saƙar faifai, da ƙwaryar da aka sassaƙa, da jakar baduku. Duk layi ne da kusurwa da launi, kuma masu yin su ba su jira labarin Petrograd ba. Abin da ya zo mana daga waje shi ne fentin mai na cikin bututu, da ƙyallen da aka ɗaure a katako, da al'adar rataye zane shi kaɗai a bango don a kalle shi. Idon kuwa namu ne tun fil azal. Shi ya sa tsohuwa daga ƙauye takan fi wani mai digiri saurin gane inda tablona ya karkace.

Wasu sun riga mu wannan tunani. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, suka kafa ƙungiyar zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar da aka koyo daga waje, a haɗa ta da zanen gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo. Mu a nan namu ulin yana bangon Birni.

Idan haka ne, me zai hana in kwafi zanen bango in sa a ƙyalle kawai?

Babu mai hana ka, kuma a farkon koyo ina ma sa yara su yi hakan. Sai ka zana dagi sau hamsin kafin hannunka ya gane yadda igiyarsa ke shiga ƙarƙashi ta fito sama. Amma kwafi darasi ne. In ka tsaya nan, ka zama mai yin tsarabar baƙi, kuma maginin da ya yi na asali ya fi ka, don shi ya san dalilin da ya sa ya ajiye shi a saman ƙofa.

Zanen bango yana rayuwa ne da tudu da kwari. Rana tana bugunsa ta gefe, inuwa ta fito da shi, da azahar ya kwanta, da la'asar ya tashi. Ƙyalle kuwa shafe yake, ba shi da tudu. Aikin da inuwa ke yi wa magini, launi ne zai yi maka shi. Daga ranar da ka fara tambayar kanka wane shuɗi ne zai yi zurfin da kwarin nan yake yi, daga ranar ka fara naka aikin. Ka ɗauki kusurwa ɗaya ta dagin, ka faɗaɗa ta ta cika mita guda, ka cire abin da ba dole ba, ka ga me ya rage. Ni na yi shekaru ina juya siffa uku ko huɗu kacal, har yau ba su ƙare mini ba. Amsar da ke ƙasa kan zaɓen launi ta ci gaba daga nan.

Iyayena suna tsoron maganar addini. Me zan ce musu?

Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, kuma ina ba kowa shawara ya je ya tambayi wanda ya yarda da shi. Abin da aka sani shi ne maganar da malamai ke yi ta shafi surar abu mai rai. Zanen da muke magana a kai babu wannan a ciki. Musulmi sun daɗe da ƙwarewa a wannan fanni: bangon fadar Alhambra a Andalus, da tayil ɗin masallatai da makarantun Fas a Maroko, duk lissafin kusurwa ne da da'ira. Ka ɗauki tablo ɗaya ka kai wa Baba ya gani da idonsa, ka ajiye shi kusa da allon zayyana. Gani ya kori ji.

Me ya bambanta fentin mai da na ruwa? Kuma zan iya haɗa shi da man gyaɗa?

Fentin mai garin launi ne da aka niƙa da man irin wani tsiro mai suna lin, wanda za ka ga an rubuta huile de lin a kwalbarsa. Fentin ruwa irin akirilik yana bushewa ne in ruwan ya tashi, a zafin garin nan cikin mintoci. Fentin mai ba haka yake ba. Man yana shan iska ne a hankali har ya daskare ya zama fata. Samansa kan bushe cikin kwana biyu zuwa mako biyu, cikinsa kuwa sai an yi watanni. Wannan jinkiri shi ne wahalarsa, shi ne kuma daɗinsa: kana da yini guda kana gyara launi, kuma in ya bushe yana da zurfin da akirilik ba ya kaiwa, launinsa ma ba ya sauyawa sosai tsakanin ɗanye da busasshe.

Man gyaɗa kuwa a'a, ko kusa. Ba ya cikin mayukan da ke daskarewa da iska. Wani yaro ya taɓa gwadawa a wurina ba da sanina ba, bayan wata uku tablon yana nan danƙo-danƙo, ƙura da ƙwari sun manne a kai. Haka man ja da man shanu.

Da wane kaya zan fara, kuma a ina ake samu?

Bututu shida sun isa: fari, baƙi, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, da ruwan ƙasa. Sai buroshi masu faɗin baki guda uku, wuƙar haɗa fenti, gilashi ko tsohon faranti na haɗawa, dogon rula na ƙarfe, fensir, da salatif na takarda irin na masu fentin mota. Da'ira ba ta buƙatar komai sai ƙusa da zare.

Akoko, da ƙusa, da gam, da katako, duk za ka samu a kasuwar Dole da wajen kafintoci. Fentin bututu na masu zane shi ne matsalar. Yawancinmu saƙo muke bayarwa a Yamai ko Kano, kuma Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240 ne, Yamai kuwa kusan 900. Fentin mai na gwangwani da ake shafa wa ƙofa yana yi don gwaji a kan katako, amma yana da ƙyalli da yawa, kuma in ya tsufa a kan ƙyalle yakan tsage. In da shi ka yi aiki, ka faɗa wa mai saye.

Yaya ake shirya ƙyallen kafin a fara?

Kada fentin mai ya taɓa ɗanyen ƙyalle. Man yana cin zaren auduga a hankali, bayan shekaru ya yi rauni ya yage kamar takarda. Ka wanke akokon ya saki sitaci, ka ɗaure shi a firam kana farawa daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, har in ka buga shi da yatsa ya amsa kamar ganga. Sannan ka shafa farin share fage na akirilik da ake kira jeso sau uku, kana gogewa da sanfefa mai laushi tsakanin kowane shafi. Ga mai zanen layi wannan gugar tana da muhimmanci, don a kan fili mai kaushi layi ba ya fita tsaf.

Mai koyo ya fara da katakon Isorel, wato siririn allon da aka matse daga garin itace. Ya fi araha, ya fi santsi, rula tana zama a kansa. Sai dai a shafe shi gaba da baya, in ba haka ba zai lanƙwashe da damina.

Me ya sa fenti ke malalowa ƙarƙashin salatif ya ɓata mini layi?

Dalili uku ne galibi. Ko fentin ya yi ruwa da yawa, ko ba ka danne bakin salatif ɗin da farce ba, ko kana tura buroshi zuwa cikin bakin maimakon ka ja shi daga kan salatif zuwa fili. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in fara shafa siririn launin da ke ƙasa a bakin salatif ɗin, ya toshe ƙananan ramuka, ya bushe, sannan in sa sabon launi. Ka cire salatif tun fentin yana ɗanye, a hankali, kana jan sa baya. Kada kuma ka manna shi a kan launin da bai yi aƙalla mako biyu ba, zai ɗago shi. Shi ya sa nake aiki a kan tablo huɗu ko biyar a lokaci ɗaya, wannan yana bushewa ina kan wancan.

Ba kowane layi ne ke son salatif ba. Layin hannu yana da ɗan numfashi da ido ke ji ko bai gani ba. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, wadda aka haifa a 1935, ta koyi zanen bangon ƙabilarta ta Ndebele wurin mahaifiyarta da kakarta, kuma da gashin kaza take jan layinta ba tare da rula ba. A 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota ta zana.

Tablona ya tsattsage bayan wasu watanni. Me na yi ba daidai ba?

Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an sa shafi mai saurin bushewa a kan wanda bai gama ba. Ƙa'idar ita ce mai maiƙo a kan marar maiƙo. Shafin farko ya zama siriri, an tsinka shi da ɗan ruwan tsinka fenti, kowane shafi na sama kuma ya fi na ƙasansa mai. Launuka ma ba tafiyarsu ɗaya ba. Ruwan ƙasa mai duhu yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, fari da baƙi da jan kadmiyum sukan ɗauki mako ko fiye.

Ni kaina na yi wannan kuskure a wani babban tablo da na yi gaggawar gamawa don a kai shi Yamai. Na ɗora siririn shuɗi a kan farin da ya yi kauri, samansa ya bushe amma cikinsa ɗanye. Kafin shekara ta zagayo shuɗin ya tsage kamar tabkin da ya ƙafe. Na karɓo shi na mayar wa mai shi kuɗinsa. Har yanzu yana jingine a ɗakina, ina nuna wa masu koyo.

Yaya kake yi da ƙurar hunturu da zafin bazara?

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar mai fentin mai a Damagaram. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara, in toshe taga da jiƙaƙƙen buhu, in na gama kuma in jingina tablon fuskarsa tana kallon bango, da ɗan tazara don iska ta shiga. In ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti kada ka goge, ka bari ya bushe tukuna. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, fenti yana saurin kamawa, don haka da asuba nake aiki. Kada a shanya tablo a rana. Kada kuma a kulle shi a duhu yana sabo, farinsa zai yi rawaya, ko da yake haske yakan dawo da shi. Firam kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Barni, wato man kariya da ake shafawa a ƙarshe, sai tablo ya yi wata shida zuwa shekara.

Ta yaya ake zaɓen launin da zai zauna da wani?

Babu launin da ke tsaye shi kaɗai. Ka yanki ƙananan takardu biyu masu ruwan toka iri ɗaya, ka ɗora ɗaya a kan ja, ɗaya a kan tsanwa. Za ka rantse ba iri ɗaya ba ne. Josef Albers, Bajamushen da ya koyar a makarantar Bauhaus ya koma Amurka a 1933, ya shafe daga 1950 har rasuwarsa a 1976 yana zana murabba'i cikin murabba'i, sama da dubu, don ya ga wannan kawai. Da wuƙa yake shafa fentin daga bututu a kan farin katako, kuma yakan rubuta sunan kowane launi a bayan tablon. Wannan ɗabi'a ta rubutawa na ɗauke ta, ina kuma roƙon kowa ya ɗauka.

Makarantarmu ta launi tana kusa. Ka je wajen marina ka ga shuɗin baba tun yana tsanwa-tsanwa har ya yi duhu. Ka dubi jar fatar da majema suka gama kusa da baƙin zare da tsanwan ado. Ka dubi jan bango da hantsi da kuma bayan magariba. Ka yi gwaji goma a kan kwali kafin ka taɓa ƙyalle, kuma ka duba su a inuwa da safe, don hasken fitila yana ruɗi.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai. Ruwan tsinka fenti yana sa ciwon kai da jiri a rufaffen ɗaki, kuma bai kamata a wanke hannu da shi ba, sabulu da ɗan mai sun isa. Farin dalma guba ne, launukan kadmiyum ma kada su shiga baki, don haka ba a cin goro ana zane. Abin da mutane ba su sani ba shi ne tsumman da ya sha man lin, in aka dunƙule shi aka jefa a kwana, yana iya ɗumama ya kama wuta da kansa. Ka baza shi ya bushe a waje, ko ka jefa shi cikin gwangwanin ruwa.

Sai na yi makarantar zane kafin in zama mai zane? Kuma ana cin abinci da wannan sana'a?

Makaranta tana gajarta hanya, tana kuma haɗa ka da mutane. Odili Donald Odita, wanda aka haifa a Inugu a 1966 ya tashi a Amurka, ya bi ta jami'a har ya zama malami a cikinta, kuma a 2007 aka nuna aikinsa a babban baje kolin Benis na Italiya. Mahlangu da na ambata a amsar salatif a tsakar gida ta koya. Dukansu sun isa.

Maganar abinci kuwa, gaskiya ɗaya ce: a shekarun farko tablo ba zai riƙe gida ba. Yawancinmu muna rubuta allon shaguna, ko koyarwa, ko fentin gidaje, mu yi namu zanen da asuba. Babu abin kunya a ciki. Carmen Herrera, ƴar Kuba da ta zauna a Niyok, ta yi shekaru fiye da hamsin tana zanen layi da launi babu mai saye. Sai a 2004, tana da shekara 89, ta sayar da tablonta na farko, a 2016 kuma gidan tarihin Whitney na Niyok ya yi mata baje koli. Ta rasu a 2022 tana da shekara 106. Ba ina cewa kowa ya jira tsufa ba. Ina cewa ka samu abin da zai ciyar da kai don kada yunwa ta zaɓa maka abin da za ka zana.

Nawa zan sa wa tablo, kuma me zan ba mai saye?

Ka lissafa kuɗin kaya, ka ƙara ladan kwanakin aikinka kamar yadda ƙwararren magini zai yi, sannan ka riƙe farashi ɗaya ga girma ɗaya. Kada ka sayar wa maƙwabci jika ashirin ka ce wa baƙo jika ɗari a kan iri ɗaya, labari yana zagayawa. In gidan baje koli ne ya sayar maka, a al'ada yakan ɗauki kusan rabi, ka san da haka tun farko.

A bayan kowane tablo ka rubuta sunanka, da sunansa, da shekara, da girmansa, da irin fentin. Ka ɗauki hotonsa a inuwa, ka ajiye littafin da ke nuna wanda ya saya. Wani ofis ya taɓa karɓar tablo uku a hannuna da sunan za a duba, babu takarda, har yau ban ga kuɗi ba, ban ga tablo ba. Tun daga nan ko ɗan'uwa ne sai ya sa hannu. Sayar da tablo kuma ba sayar da haƙƙin buga hotonsa ba ne a riga ko kalanda. Hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Nijar ita ce wurin tambaya kan wannan.

Ta yaya aikina zai fita daga Damagaram, kuma yaya ake aika shi?

Kafin ka nemi kowa, ka tara tablo goma sha biyar zuwa ashirin da ke magana da juna, ba kowanne da fuskarsa ba. Ka sa hotunansu masu kyau a Facebook ko Instagram da girma da shekara, ka rubuta layi biyar kan abin da kake nema a cikinsu, da Hausa da Faransanci. Ka fara nunawa a gida, ko a zauren wani ne, sannan Yamai, inda gidan tarihi na Boubou Hama yake tun 1959. Daga nan ido yakan koma Dakar, inda ake babban baje kolin zane na Dak'Art duk shekara biyu, da ƙananan nune-nune masu yawa a gefensa da suka fi sauƙin shiga, sai kuma baje kolin Art X da ake yi a Legas tun 2016.

Wajen aikawa, tablon da bai yi wata shida ba kada a naɗe shi. Wanda ya bushe a cire shi daga firam, a shimfiɗa takarda marar rubutu a fuskarsa, a naɗe shi a kan bututun roba mai faɗi, fentin yana kallon waje. In aka naɗe shi fentin yana ciki, zai matse ya tsage. Kada leda ta taɓa fuskar fentin, a zafin mota tana mannewa. Wanda ke kan katako kuma a sa kwali a kusurwoyinsa huɗu, a roƙi direba ya tsayar da shi a bayan kujera, kada a ɗora shi a saman mota ƙarƙashin buhuna.